Inna da Ajiyar Mutanen Tasha

Inna, uwar mijina, ta rasu ranar Talata da hantsi, a zaune kan tabarma, da dunƙulen sabulu a hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kafin azahar an kai ta, kafin la'asar an kafa rumfar makoki a ƙofar gida, maƙwabta suka fara shigo da shayi da kisra, wainar dawa mai faɗi, kamar yadda ake yi wa kowa a ƙauyenmu.

Na ce kamar yadda ake yi wa kowa, amma ni da na zauna cikin mata na san da bambanci. Mace za ta shigo ta ɗaga hannu a yi Fatiha, ta ce "Al-baraka fikum," gaisuwar ta'aziyya ta nan ƙasar, ta nemi bakin tabarma ta ɗosana. A miƙa mata ruwa daga randar gidanmu, ta ce ai yanzun nan ta sha. Idonta kuwa yana kan ƙofar ɗakin Inna. Da kunnena na ji wata tana tambayar ta kusa da ita ko an duba ɗakin. Waccan ta ce, "Allah dai ya yafe mata abin da ta ɓoye." Da suka ga ina kallonsu sai suka koma jan carbi.

Can da yamma sai ga wasu masu gaisuwa sun biyo bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, tun daga garin Managil a ƙafa. Mutanen tasha ne, masu kwana a tashar motoci da barandar shaguna don ba su da wani wurin. Maza da mata, tsofaffi sun fi yawa, kowa da ƙunshin kayansa a hammata saboda ba inda zai bari. Baffa, ƙanin uban mijina, yana hango su ya sa aka tattara takalman mutane aka shigar zaure. Su kuwa ba su zauna ba, ba su kalli tiren abinci ba. A rana suka tsaya suka yi Fatiha mai tsawo, wasu hawaye na zuba. Sannan dattijonsu, wani tsoho mai ɗingishi da ya fi shekara ashirin yana zuwa gidan, ya matso kusa da maigidana ya yi masa tambaya ɗaya.

"Ɗakin Hajja a rufe yake? Ba wanda ya shiga?"

Wannan tambayar ita ta ƙarasa lalata komai. Mazan da ke rumfa suka kalli juna. Maigidana bai jira magariba ba, ya shiga ɗakin uwarsa ya durƙusa, ya jawo wata safiha daga ƙarƙashin gado, irin babban gwangwanin nan na man girki. Ya buɗe. Cike take da ƙananan ƙulle-ƙullen tsumma, kowane da launinsa, kuma a cikin kowane akwai gashin mutum, wasu har da yankan farce. Ya kira ni bayan gida.

"Shekara nawa ina faɗa da mutane a kan maganar nan, ashe gaskiya suke faɗi," in ji shi. "Ranar uku, ana shafa Fatihar ƙarshe, zan zuba wa abin nan kananzir. Zanar wankansu da ke bayan katanga ma in rushe ta. Ba ɗan tashar da zai sake taka gidan nan."

Ni ban yi mamakin abin da ke cikin safihar ba. Na riga shi gani da shekara ashirin, kuma maganar da ya yi ta faɗa da mutane a kanta daga bakina ta fita. Bai sani ba, ni kuma na koma cikin mata.

A shekarun casa'in aka kawo ni gidan. Inna gajeriya ce, hannunta duk ya tsattsage da ruwan toka, kuma dariyarta sai an yi sa'a. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, wadda 'ya'yana yanzu sai sun kasa kunne suke ganewa, su da Larabci ya cinye musu harshe. Amarya take kirana, har na fara furfura ba ta canza ba. In na tsaya ina kallon abu sai ta ce, "Amarya, mi kike kallo? Kallo ba shi tahasa ruwa." Ba ta taɓa zuwa Makka ba, mutanen tasha ne suka laƙaba mata Hajja. Iyayenta dai Makka suka nufa da ƙafa daga ƙasar Hausa, hanya ta ajiye su a nan.

Sana'arta sabulu. A lokacin, in an gama cirar auduga dole kowane manomi ya tumɓuke karan gonarsa ya ƙone, don kada cuta ta kwana ta kama ta baɗi. Kowa ƙonewa yake ya tafi. Inna kuwa sai ta bi gonakin da buhu tana kwashe tokar. Ta jiƙa ta, ta tace, ta dafa ruwan har ya yi kauri, ta zuba guggubin man gyaɗa, ta yi ta tuƙi sai kafaɗa ta ƙage. Da auduga ta ja baya a yankinmu sai ta koma tokar karan dawa da ɓawon gyaɗa, tana mita wai ba su kai ba. Sabulun baƙi ne, ba ƙamshi, amma yana cin dauɗa.

Yadda aka ba ni labari, a tashar Managil take kasa shi ranar kasuwa. Wata rana ta ga wata mata mai tabo a kumatu tana susa har jini, ta miƙa mata dunƙule ɗaya kyauta. Matar ta juya shi a hannu ta ce, "In yi wanka da shi a ina?" Inna ta dawo gida ta kafa zana biyu a bayan katanga, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, ta ce duk Juma'a da safe a zo. Wata guda ba wanda ya zo. Sun ɗauka tarko ne, a tara su wuri ɗaya masu kame su kwashe su a mota. Dattijon nan mai ɗingishi shi ya fara zuwa, shi kaɗai, da sanda. Sai da ya leƙa bayan kowace zana, ya shinshina sabulun, ya tambaye ta wa ya aiko ta, sannan ya tuɓe rigarsa.

Lokacin da na zo, abin ya riga ya zauna. Juma'a tun rana ba ta yi zafi ba za ka ji su a bayan gida. Ba wanda ke zuwa hannu biyu. Wannan ya tsinto itace a hanya, wancan yana dako a wurin matsar mai ya roƙo guggubi a kwalba, wata ta tsinko ganyen dogonyaro cike da zaninta. Masu ƙarfi su ɗebo ruwa a tur'a su cika barmil biyu, manyan gangunan ƙarfe, a hura wuta a ƙarƙashi. Ɗaya na wanka ne, da ganyen a ciki saboda ƙazuwa. Ɗayan na dafa tufafi ne saboda ƙwarƙwata. Inna ta hana kowa faɗawa tur'a kai tsaye, ta ce ruwan nan shi ke sa fitsarin jini, sai an dafa. Dattijo ne wanzamin maza, mai tabo ita ke taje mata da ɗan mai, in kai ya yi gyambo a aske. Wanda ya warke shi zai wanke wa sabon zuwa baya. Inna tana tsaye a tsakiya da muciya tana ba da umarni, ni kuma ina jigilar garwashi ina toshe hanci.

Tana da dokoki, kuma ba ta da sassauci a kansu. Kowa da rezarsa. Sabuwa ba tsada take ba, wanda ya samu dako ya sayo biyu ya ba wanda bai samu ba. Na ga ranar da ta kama wani ya karɓi rezar abokinsa ya goge a wando zai sa a kai. Ta fizge ta jefa cikin wuta, ta kore shi da rabin aski, ta ce ya dawo wata Juma'ar in ya yi hankali. Abinci kuwa ba ta bayarwa. "Nan ba gidan ci ba na," take cewa. "In na ba ku tuwo, don tuwo za ku zo, ku koma da ƙwarƙwatarku." Wannan ma ya dami mutanen ƙauye. Sadakar da suka sani ita ce a ba mabuƙaci abinci ya yi addu'a ya wuce. Wace irin sadaka ce ta tara baƙi a bayan gida a yi ta yanke musu gashi da farce? Me take samu? Tun kafin in zo ana wannan tambayar, amma a lokacin tambaya ce kawai.

Ni na ba ta amsa. Ina da ciki wata huɗu, na shiga share ɗakin Inna tana kasuwa. Tsintsiya ta bugi ƙarfe a ƙarƙashin gado. Na jawo, na buɗe, na kwance ƙulli ɗaya. Gashi ne, fari da baƙi a haɗe. A wurinmu ko yaro ya san ba a barin gashi da farce a hannun wani. In ka yi aski ka tattara ka tona rami a bayan ɗakinka ka binne, don duk mai son ya yi maka sammu da su yake fara nema. To ga na mutane da yawa a ƙarƙashin gadon tsohuwa ɗaya. Na mayar da murfi na tura safihar, na fita ban gama sharar ba.

Bayan kwana tara cikin ya zube.

Yau na san ciki na zubewa ba tare da hannun kowa ba, na kuma haifi biyar bayansa a gidan nan lafiya. Amma a lokacin yarinya ce ni mai zafin kai, ina kwance ina kuka ina neman wanda zan ɗora wa. Tambayar Inna kuwa ba ta taso ba. Ina surukar da za ta dubi idon uwar mijinta ta ce mene ne wancan a ƙarƙashin gadonki? Da gwaggona, ƙanwar babana, ta zo duba ni, na raɗa mata, na ce don Allah ta riƙe. Gwaggo ta dafa ƙirji ta ce bakinta da zare. Mako bai zagayo ba sai da maganar ta kai har ƙauyukan da ke ƙetaren tur'a.

Abin ya ci Inna a hankali. Da ita ake kira wankan jego, aka daina. Da ita ke wanke gawar mata a unguwarmu, aka samo wata. Sabulunta ya daina shiga gidajen ƙauye, sai a kasuwa inda ba a san ta ba. In ta aika da abinci gidan suna, karnuka ke ci. Mata in za su yi kitso a gidanmu sai su tattara gashinsu su ƙulle a bakin zani suna satar kallonta. Ba ta taɓa tambayar wa ya fara ba. Ba ta kuma taɓa cewa ƙarya ne ba, kuma wannan shi ya fi ƙarfafa mini zargi. Mai gaskiya ai zai yi rantsuwa, ya jawo safihar tsakar gida ya ce ga ta ku gani.

Shekarar da gudawa ta shigo ƙauyuka, Baffa ya zo da dattawa uku. Suka zauna a zaure, aka kira Inna. Ina bayan ƙofa ina ji. Baffa ya ce mutanen nan su ke kawo cuta, ga akuyar wane ta ɓata ranar Juma'a, ga kuma wata magana da ba ya son ya furta a gaban matar wansa.

"Hurta ta," in ji Inna.

Bai furta ba. Ya yi gyaran murya ya koma kan akuya.

"Akuyar wane tana gonar wane tana cin gyaɗa, kowa ya sani," ta ce. "Cuta kuwa, ku tahi tasha ku ƙirga wa ya kwanta cikin masu zuwa nan. Su dahwahwen ruwa suka sani. Ku ku ka sha daga tur'a. Bayan katangar nan gadona na daga hannun yayanka, in kana da takarda da ta ce ba haka ba, kawo ta."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ya Hajja, malesh, ki yi haƙuri, amma me ya haɗa ki da su? Ba danginki ba, ba yarenki ba."

"Uwata a bakin hanya ta haihe ni," ta ce. "Wata ta ba ta ruwan zahi. Ba ta tambaye ta yarenta ba."

Suka tashi ba sallama. Ni a bayan ƙofa na ce a raina, ji yadda ta iya kewaye magana, ba ta dai taɓo safihar ba.

Haka na zauna da ita shekara ashirin. Ina dafa mata, ina wanke mata, ina kai mata garwashi ranar Juma'a, ina kuma kirga 'ya'yana da ido duk lokacin da suka shiga ɗakinta. Askin sunan kowane ɗayansu da hannuna na kwashe. Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bayan haihuwar ta uku, kaina ya cukurkuɗe ya fara wari. Inna ta zo da mai da mataji, ta ɗora kaina a cinyarta, ta warware shi sili-sili tun hantsi har azahar, ba ta ja ko sau ɗaya ba. Tana gamawa na yunƙura da ciwona na tsince duk abin da ya zuba a tabarma, har wanda ya maƙale a matajin, na dunƙule a hannu. Ta dube ni ta ce, "Daidai kika yi, Amarya. In kin samu ƙarhi ki binne bayan ɗakinki." Na ɗauka baƙar magana ce. Ko sannu ban ce mata ba.

Ranar uku ta zo. Aka shafa Fatiha, aka fara naɗe tabarmi. Maigidana ya ɗauko safihar a hannu ɗaya, kwalbar kananzir a ɗayan, ya nufi bayan gida. Matan da suka kwana uku suna cewa za su tafi gida da wuri duk suka biyo shi, Gwaggona a gaba. Baffa ma ya zo, yana ta a'uziyya.

Mutanen tasha suna can. Ashe tun safe suke zaune a gindin zanar, ba wanda ya lura. Dattijo ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tsaya tsakanin maigidana da murhun barmil. Hausarsa a bakin Inna ya koya, rabi Larabci ce.

"Ya walad Hajja, ɗan Hajja, kar ka ƙone. Akwai nawa a ciki."

"Na sani akwai naka," in ji maigidana. "Shi ya sa zan ƙone, in raba ku da abin da aka yi muku."

"Ba abin da aka yi mana. Ni na ba ta." Ya miƙa hannu. "Ajiye in nuna maka."

Maigidana ya ajiye. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya tona cikin ƙulle-ƙullen, ya zaro wani na shuɗin ƙyalle da ya koɗe. Ya ɗaga gefen jallabiyar da ke cikin ƙunshinsa, tsohuwa fiye da wadda ke jikinsa, ya nuna inda aka yage. Ƙyallen ɗaya ne.

"Kai in ka yi aski, ina kake kai gashinka?" ya tambaya.

"Bayan ɗakina."

"To ni ina bayan ɗakina?"

Dattijon ya ci gaba. Ya ce a tasha siminti ne a ƙarƙashinsu, abin da ya faɗi mai shara ya kwashe, kowa ma ya tsinta. Shi ya sa da farko suka yarda da wanka suka ƙi aski, ƙwarƙwata na cin su suna gani. Inna ce ta ce to ga ƙasarta. Ya nuna gindin zanar da sandarsa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk Juma'a kowa da hannunsa yake tona ya binne nasa a nan, in mun koma cikin gida, ba mu sani ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda ba su fid da ran komawa garinsu ba. Irin waɗannan sai su tsakuri kaɗan daga askin farko, su ƙulle a ƙyallen rigarsu su ba Hajja ajiya, ranar da Allah ya buɗe hanya su karɓa su kai ƙasar iyayensu su binne a can. Ya ce wasu sun karɓa sun tafi. Shi shekararsa ashirin da wani abu yana cewa baɗi.

Baffa ya ce, "To me ya hana ta faɗa? Ana ta jifanta da magana, ta buɗe baki mana."

"Mu muka sa ta rantse," in ji dattijon. "Mun ce kar kowa ya san inda suke, ko ɗanta. Mun san ku ne? Kuna zarginmu da akuya, mu ba ku gashinmu?"

Gwaggo ta taɓe baki ta ce da ta kusa da ita, a hankali amma kowa ya ji, "Ni dai tsari ne wannan. An haɗa baki."

A nan na kasa daurewa. Na ji muryata ta fita kafin in shirya. Na ce ni ce. Na ce ni na buɗe safihar ina amarya, ni na kai wa Gwaggo, duk abin da aka yi wa Inna a garin nan daga bakina ya tashi, kuma ban taɓa ganin ta yi wani abu da gashin kowa ba. Maigidana ya juyo ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Gwaggo ta ja mayafi ta ce ita ba da ita ba, ta wuce.

Mai tabo ce ta yi magana. Ta tsufa yanzu, haƙoranta sun zube, amma idonta na nan da kaifinsa.

"Mun sani," ta ce. "Tun ranar Hajja ta gaya mana. Ta ce murfin ba yadda ta rufe yake ba, amaryarta ta gani, duk mai tsoro ya karɓi nasa. Da magana ta cika gari na ce mata ki kira ta ki ci mutuncinta. Ta ce a'a, yarinya ce, cikinta ya zube, a bar ta da abin da ke damunta."

Na zauna a ƙasa a wurin, cikin toka. Kukan da ban yi ba ranar Talata shi ya zo mini.

Maigidana ya dubi safihar, ya dubi zanar. Daga baya ya mayar da murfin kwalbar kananzir ya miƙa wa Baffa, ya ce a kai cikin gida. Zanar tana nan, bai taɓa ta ba. Waɗanda ke wurin kowa ya zo ya nemi ƙullinsa ya cusa a ƙunshinsa, tunda mai ajiyar ta tafi. Amma fiye da rabi suka rage a safihar, na waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Wasu an ce sun tafi garin Damazin aikin gona, wasu ba wanda ya san inda suka yi. Baffa ya ce a binne su a huta. Dattijo ya ce a'a, in mai shi ya dawo fa? Mai tabo ta rungumi safihar ta ɗaga, ta tsaya da ita tana dube-dube. Ba ta da inda za ta kai ta. Ta shiga ɗakin Inna da kanta, ta yagi bakin zaninta ta ɗaure murfin da wani irin ƙulli nata, ta tura ƙarƙashin gado, ta fito ba ta kalle ni ba.

Na rubuta wannan ne don jikokin Inna, waɗanda suka tashi suna jin ana raɗa a kan kakarsu. A ƙauyenmu har gobe akwai masu cewa ba banza ba, kuma ba ni da bakin yi musu faɗa. Allah ya wanke ta kamar yadda ta wanke bayinsa da ba su da wurin wanka, ya ba ta ɗaki mai faɗi a inda ta je, ni kuma ya ba ni abin da zan ce mata ranar da za mu haɗu.

Juma'ar da ta biyo baya ni na hura wutar barmil. Sabuluna bai kai nata ba, yana narkewa da wuri, dattijo ya gaya mini a fuskata. Mutanen sun ragu, amma suna zuwa, da itacensu da ganyensu da rezarsu. Sabon zuwa in an yi masa aski ya binne a gindin zana, in yana da ƙulli ya cusa a aljihunsa. Har yau ba wanda ya ba ni ajiya. Mai tabo kuwa duk Juma'a, kafin ta ajiye ƙunshinta, kafin ta gaishe ni, sai ta wuce ɗakin Inna ta durƙusa ta jawo safihar ta duba ƙullin murfin. Ni nake buɗe mata ƙofar, in tsaya a waje har ta gama.